Ranar da Malam Elias Ya Riga Kowa Fita

Malam Elias malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a cikin garin Gombe. Duk wanda ya zauna a Federal Low-Cost ya san shi, ko da ta tsohon jan babur ɗinsa ne da yake wankewa kowace Asabar. Batangale ne, haifaffen wani ƙauye a bayan Kaltungo, ɗan manomi mai masara da wake. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa kasuwa, kuma a can ya ga wata ɗabi'a ta tsohon da ta zauna masa a kai. Tsohon ba ya tambayar kowa yadda hatsi zai kasance. Tsayawa yake yi ya ga abin da manyan dillalai suke yi. In suna zuba buhuna a sito, sai ya mayar da wakensa gida ya jira. In ya ga an buɗe sito ana lodin mota, a ranar yake sayarwa, ko da dillalan suna rantsuwa cewa tsada na tafe.

Elias ya yi karatu da ƙyar da taimakon 'yan'uwa, ya samu koyarwa, ya auri Margaret, ma'aikaciyar jinya 'yar garinsu. Sun fara zama a gidan haya a Barunde, ɗaki na kallon ɗaki da wani Inyamuri mai suna Donatus, wanda ke sayar da kayan gyaran babur da keke a Kumbiya-Kumbiya. A wannan tsakar gidan aka haifi Debby, 'yarsu ta fari, kuma matar Donatus ce ta yi wa Margaret zaman jego kafin danginta su iso daga ƙauye. Ko bayan da Elias ya samu gida a Low-Cost, zumuncin bai yanke ba. Donatus yana kiransa Ticha, shi kuma yana ce masa Oga Dona.

Mutane sun san Elias da tsantseni. Ba ya cin bashi, ba ya caca, ba ya makara. Sai dai akwai wani hali nasa da Margaret kaɗai ta san nauyinsa, wanda na waje suke ɗauka dattaku ne: ba ya iya janye magana. In ya faɗi abu a gaban mutane, to ya faɗa ke nan. Ko hanya ya ɓata a kan babur, gara ya zagaya unguwa guda da ya juya a inda aka gan shi ya wuce.

A shekarar da cutar korona ta sa aka rufe makarantu ne ya fara sanin kirifto, kuɗin intanet da ake saye da sayarwa ta waya. Zaman gida ya ishe shi, ya riƙa karance-karance a waya. Yawancin abin da samari ke zumuɗi a kai bai burge shi ba. Abin da ya kama hankalinsa shi ne da ya gane cewa a wannan kasuwa kowace jaka a buɗe take. Jakar da ake ajiye kuɗin, wadda suke kira walet, ba ta ɗauke da sunan mai ita, lamba ce doguwa, amma kowa na iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Akwai kuma wasu 'yan tsirarun jakunkuna da suka tara abin da dubban mutane ba su tara ba. Masu harkar suna kiran masu irin waɗannan jakunkuna da sunan wani ƙaton kifin teku. Elias bai taɓa ganin teku ba, don haka ya sa musu giwayen ruwa, kifin da ya sani a madatsar ruwa ta Dadin Kowa.

Ya zauna ya koyi tafiyarsu. Ya lura in giwaye suna kwashe kuɗinsu daga kasuwar musaya suna kai wa jakarsu ta ajiya, ba su da niyyar sayarwa, farashi kan samu ƙarfi. In kuwa suka fara ɗebo shi daga ajiya suna turawa kasuwa, to kaya ne aka fito da su, sayarwa na tafe. In jakar da ta yi shekaru tana barci ta farka, akwai magana. Ya kuma gane cewa sukan yi wasa da hankali, su motsa kuɗi don kawai ƙanana su tsorata su zubar da nasu da araha. Ya sa ɗan abin da ya samu na darasin gida da yake yi wa yara, bai taɓa albashi ba.

Sunansa ya fito ne bayan kamar shekara biyu, lokacin da kasuwar ta yi mummunar faɗuwa. Kafin faɗuwar ya gaya wa wasu malamai a ɗakin malamai cewa shi ya fita, domin giwaye sun yi layi a ƙofar kasuwa. Suka yi masa dariya. Da abin ya auku, dariyar ta koma tambaya. Kafin wani lokaci an buɗe masa guruf a WhatsApp, kuma kowace Asabar da la'asar mutane kan taru a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa: malamai, ma'aikatan sakatariya, 'yan cocinsu, samarin unguwa masu cakuɗa Hausa da Turanci. Ba ya karɓar ko sisi. Abin da yake karɓa shi ne yadda wuri ke yin tsit in ya gyara murya, kuma wannan ya fi masa kuɗi daɗi, ko da yake bai taɓa faɗa wa kansa haka ba.

Darasinsa ɗaya ne, yana maimaita shi har suka haddace. Kada a saurari abin da babba ke faɗa, a dubi abin da jakarsa ke yi. Don su koyi bin sawun jaka, har lambar tasa jakar ya taɓa sakawa a guruf, ya ce su gwada da ita. Yawancinsu ba su kula ba. Sun fi son a ce musu saya ko sayar.

Donatus ya shigo a makare, bayan ya daɗe yana cewa shi ba ya sayen abin da ba zai iya ɗorawa a kan kantar shago ba. Amma da ya shigo, sai ya shigo irin ta ɗan kasuwa. Ya sa aka nuna masa yadda ake saita waya ta yi ƙara in wata jaka ta motsa, ya zauna a shago yana koyo tsakanin mai neman tayar keke da mai neman fulogi. Akwai kuma Malama Najeeba, mai koyar da ilimin halittu a makarantar su Elias, wadda teburinta ke fuskantar nasa. Mace ce mai kamun kai, mai 'ya'ya da yawa da miji ɗan fansho. Da ta kwashi adashenta, sai ta zo ta tsaya a gefen teburinsa ta ce ita ba ta gane wannan lissafin ba, amma ta san shi shekara da shekaru, inda ya sa ƙafa nan za ta sa.

A bara waccan ne wani ƙaramin kwin, wato sabon nau'in kuɗin kirifto, ya fito, mai tambarin zakara. A guruf Zakara kawai suke ce masa. Elias ya bi manyan jakunkunansa ya ga suna ta tarawa, ba sa fitarwa. Ya saya, ya gaya wa mutanensa, suka saya. Farashi ya hau, ya ƙara hawa. Ranar bikin ɗiyar Donatus, a wurin cin abinci, wani ɗan guruf mai suna Bernard ya tambaye shi a gaban jama'a ko lokacin fita ya yi. Elias yana sanye da sabuwar shadda, an zaunar da shi a teburin manya. Ya ajiye cokali ya ce giwayen Zakara ko gezau ba su yi ba, kuma shi ba zai sayar da ko ɗaya ba kafin Kirsimeti. Duk wanda ya ga ya fita, in ji shi, to ya kira shi matsoraci. Aka yi tafi da dariya.

Cikin makon da ya biyo baya, ranar wata Laraba da hantsi, yana zaune a ɗakin malamai lokacin tara, ya duba waya kamar yadda ya saba. Babbar jakar Zakara ta rabe gida-gida zuwa wasu sababbin jakunkuna, kuma sababbin suna ta zubawa a kasuwa kaɗan-kaɗan, yadda ba za a lura ba. Ya duba ta biyu, haka. Ta uku ma ta fara. Farashi bai motsa ba tukuna, har ma ɗan kore yake nunawa, alamar hawa. Amma Elias ya san abin da yake gani. An buɗe sito.

Hannunsa ya riga tunaninsa. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji ya sayar da nasa duka.

Daga nan ya buɗe guruf don ya faɗa. Ya rubuta, ya tsaya yana kallon rubutun. Sai teburin bikin ya dawo masa, da sabuwar shadda, da tafin, da kalmar matsoraci da ya furta da bakinsa. Ya goge. Ya ce wa kansa bari ya ƙara tabbatarwa, wataƙila giwayen wasa suke yi, kada ya tayar wa mutane da hankali a banza. Ya ce da yamma zai faɗa, in ya samo yadda zai tsara maganar. Yana cikin haka Malama Najeeba ta ɗago daga littattafan da take makawa, ta ga fuskarsa.

"Malam, lafiya dai? Ko Zakaran namu ne?"

"Lafiya lau," in ji shi. "A bar shi tukuna."

Ta gyaɗa kai ta koma kan aikinta. Shi kuma ya ɗauki alli ya tafi aji, ya yi darasin da har yau bai iya tuna ko na mene ne ba.

Da yamma bai faɗa ba, domin yanzu sai ya bayyana dalilin da ya sa bai faɗa da safe ba. Washegari abin ya ƙara nauyi. Zuwa Juma'a kuwa babu sauran abin faɗa. Zakara ya rikito kamar an sare reshe, masu son sayarwa suka rasa mai saye. Guruf ya cika da saƙonnin murya, wannan na salati, wancan na kiran sunan Yesu. Ana ta tambayar ina Malam. A ƙarshe ya rubuta cewa kasuwa ce, haka take, kowa ya yi haƙuri, duk an sha. Bai ce shi ma ya sha ba, amma ya san yadda za a karanta, kuma haka aka karanta.

Ranar Asabar mutane suka zo ƙarƙashin mangwaro, ba don darasi ba, don jaje. Wannan ne abin da bai shirya masa ba. Ya zaci za a zage shi, har ya fi son a zage shi. Sai ga Bernard yana dafa kafaɗarsa yana cewa kada ya sa abin a rai, ai shi ya fi kowa asara tunda ya fi kowa sakawa. Wani dattijon coci ya yi addu'a Allah ya mayar wa Malam Elias ninkin abin da ya rasa, kowa ya ce amin. Margaret ta fito da kunun zaki tana yi wa baƙi godiya da suka tsaya wa mijinta. Elias na zaune a kan benci, kofi a hannu. Ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige. Donatus bai zo ba, kuma bai ce komai a guruf ba.

Bayan kwanaki kebul ɗin kulocin babur ya tsinke. Da yana da wani wurin da ya saba saye, da can ya tafi, amma shekara da shekaru Donatus ne mai ba shi kaya, kuma zuwa wani shago zai zama magana. Ya tura babur har Kumbiya-Kumbiya da rana tsaka. Donatus ya karɓe shi kamar kullum, ya tambayi Maman Debby, ya ɗauko kebul, ya ba makaniken da ke gefen shago ya ɗaura. Sai ya jawo kujera ya ce Ticha ya shigo daga ciki, rana ta yi yawa.

A cikin shagon, tsakanin tayoyi da warin giris, Donatus ya ciro waya ya ɗan latsa, ya ajiye a kan kanta yana fuskantar Elias. Lamba ce doguwa, da ranar Laraba a gefenta. Elias bai buƙaci ya karanta ba. Jakarsa ce.

"Tun ranar da ka ba mu lambar nan na saita ta," in ji Donatus, da Hausarsa ta wanda ya tsufa a Gombe. "Ban cire ba. Ina nan ina auna wa wani man inji wayar ta yi ƙara."

Elias ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "To me ya hana ka sayarwa, Oga Dona? Ai ka gani."

"Na gani. Har na sa hannu zan danna." Donatus ya ɗauke wayar ya mayar aljihu. "Sai na ce a'a. Waɗancan giwayen ba su san ni ba. Wannan kuwa Ticha ne. In da gaske akwai wuta, zai juyo ya kira ni. Na zauna ina jiran kiranka har na rufe shago."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara komai a kai ba. Elias ya fara cewa zai raba abin da ya fitar, zai ba shi, amma Donatus ya ɗaga hannu. Ya ce ba ya bin sa ko kwabo, kuɗinsa ne ya sayar da kayansa, kuma shi ɗan kasuwa ne, ya sha faɗuwar da ta fi wannan. Ya ce ba zai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Sannan ya leƙa waje ya tambayi makanike ko an gama. Elias ya biya kuɗin kebul, Donatus ya karɓa ya ba shi canji daidai. Da can ba ya karɓar kuɗin irin wannan ƙaramin abu daga hannunsa.

Margaret ta gane da kanta cewa akwai wani abu. Ta yi jinyar mutane da yawa, ta san yadda mai asara yake: yana yawan magana, yana maimaita yadda abin ya faru. Mijinta kuwa shiru yake, kuma in aka yi sallama a ƙofa sai ya shige ɗaki. Wata safiya kafin ta tafi aiki ta zauna a bakin gado ta ce, "Baban Debby, ba asara ce ke cin ka ba. Faɗa mini." Ya faɗa mata yana kallon bango. Abin da ta fara tambaya shi ne ko lokacin da take raba wa mutane kunu tana godiya, ya riga ya sani. Ya ce e. Ta tashi ta ɗaura ɗankwali, ta ce ita ba za ta koya masa abin da zai yi ba, amma Malama Najeeba kullum tana gabansa, ya san yadda zai yi da idonsa.

Ya ɗauki makonni kafin ya iya. Ranar da ya iya, sai da ya jira ɗakin malamai ya watse, ya tsaya a gaban teburinta kamar ɗalibin da aka kira. Ya gaya mata cewa a lokacin da ta tambaye shi, ya riga ya sayar. Ta cire tabarau ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta ji, Allah ya kyauta. Da ya kawo maganar mayar mata da abin da ta rasa, ta ce zai iya, domin kuɗin makarantar yara ne, kuma ba za ta yi girman kai da abin da ba nata kaɗai ba. Ya mayar mata. Tun daga ranar take gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, amma ba ta sake tambayarsa ko ƙarfe nawa ba.

Sauran mutanen guruf bai iya fuskantarsu ba. Ya sha shirya maganar a kan babur, ya sha cewa wannan Asabar ɗin, amma da ya ga fuskokinsu sai harshe ya yi nauyi. Ya rufe guruf ɗin da cewa aiki ya yi masa yawa. Ragowar kuɗin na nan a jakar, bai taɓa ba, bai kuma san abin da zai yi da su ba. Yana zuwa shagon Donatus in babur ya lalace, suna gaisawa, suna taɓa hirar tsadar mai. Da Kirsimeti matar Donatus ta aiko da shinkafa da kaza kamar kowace shekara, Margaret ta mayar da kwanon da cincin.

A farkon wannan shekarar zumuntar maza ta cocinsu ta zauna zaɓen sababbin shugabanni bayan sujada. Da aka zo kan ma'aji, dattijon nan da ya yi masa addu'a ya miƙe ya ce shi yana da mutum. Ya ce akwai wanda ya yi asara tare da jama'a bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, bai taɓa kuka da bakinsa ba, irin wannan ake ba wa amana. Ya kira sunan Elias. Hannaye suka tashi ko'ina, har da na Bernard.

Elias ya miƙe. Ga dama ta samu, kowa na nan, kowa ya yi shiru yana jiransa. Ya dubi benci na gaba, ya dubi taga. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne yana godiya, amma a ba wani, shi bai cancanta ba. Aka roƙe shi, ya ƙi. Dattijon ya juya ga jama'a ya ce to kun gani, ga tawali'u, irin wanda ya yi ƙaranci a zamanin nan. Aka zaɓi wani.

A waje Margaret na jiransa a inuwar katanga, ta riga ta ji labari daga bakin matan da suka fito. Mutane na wucewa suna miƙa masa hannu, yana karɓa kansa a ƙasa. Da suka ragu ta matso kusa.

"Ka faɗa musu?"

"Na ce ban cancanta ba."

"Wannan ai sun ɗauka yabo ne."

Ya tayar da babur, ta gyara zaninta ta hau baya, suka bi ta hanyar bayan coci inda ba a cika haɗuwa da mutane ba.